Wata Biyar Ban Ci Tuwo Ba

A bakin kasuwar Wurno ina da wani aboki mai sayen shinkafa shanshera, yana da babban sikeli irin wanda a ke ɗora wa buhu. Ran nan, cikin watan Nuwamba na 2022, muna tsaye muna hira sai ya ce da wasa, "Malam, hau mu gani, kai da buhu wa ya fi wani." Na hau ina dariya. Allura ta yi ta tafiya, ta wuce 90, ba ta tsaya ba sai a kan 99. Yaran da ke ɗinkin buhuna suka ce saura kilo 1 in cika, a ɗinke ni a sa a mota. Kowa ya yi dariya, ni ma na taya su. Amma da na hau babur zan koma gida, dariyar ba ta biyo ni ba.

Ni malamin gona ne. Kusan shekara 30 ke nan ina yawo a fadamun Wurno da Goronyo, wani lokaci har Rabah, ina koya wa manoma yadda za su raini irin shinkafa, da tazarar dashen albasa, da lokacin zuba taki. Sa'ad da na fara aikin nan da keke na ke zuwa ko'ina, inda keke ba ya shiga kuwa in ajiye shi in taka. A lokacin mutum zai iya ƙirga haƙarƙarina. Daga baya na sami babur, sa'an nan aka ƙara mini girma, rabin aikin ya koma na zama da rubutu. Tumbi ya fara fitowa, mutane suna ce mini alamar hutu ce, ni kuwa ina jin daɗi. A 2019 likita ya gaya mini ina da hawan jini, ya rubuta mini ƙwaya biyu in riƙa sha kowace safiya, ɗaya daga cikinsu irin mai sa yawan fitsari. Gwiwoyina suka fara ƙara. In na tsuguna in duba tsiro, tashi ya zama aiki, sai na dafa kafaɗar wani. Malamin gonar da ba ya iya tsugunawa kuwa, manoma ba su faɗa masa a ido, amma sun gama yanke masa hukunci.

Da Kirsimeti babban ɗana ya zo daga Kaduna. Shi ma ya yi ƙiba bayan aurensa, amma wannan zuwan sai na gan shi ya zube, riga tana yawo a jikinsa. Uwarsa ta tsorata, ta ja shi ɗaki tana tambaya ko ciwo ya yi. Ya ce lafiyarsa lau, abinci ne kawai ya sake. Da aka kawo shinkafa ya tsame nama da ganye, ya ture sauran. Ya ce, "Baba, duk abin da ke da sitaci, da ya shiga ciki sukari ya ke zama. Tuwo, shinkafa, fura, burodi, rogo, dankali, duk ɗaya ne. In ka hana jiki sukari, tilas ya juya ya ci kitsen da ya tara." Ya ce sunan tsarin keto. A ci nama da kifi da ƙwai da man shanu da ganye iyakar ƙoshi, amma sitaci da sukari kada su wuce giram 20 zuwa 50 a yini. Na tambaya nawa ne giram 50. Ya ce ƙaramin kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai giram 45. Watau malmala guda ta riga ta cinye rabon yini har ta ci bashi.

Uwargida tana jinmu. Da dare ta ce, "Maigida, abin da ka yi shekara 30 kana koya wa mutane nomawa, shi ne yau ya zama guba?" Na ce mata ba ta san kimiyya ba. Ina jin kunyar wannan amsa har yanzu.

Abin ba sabo ba ne, ko da ya ke a lokacin na ɗauka jiya aka gano shi. Tun a 1863 wani mutumin Landan mai suna William Banting, mai sana'ar akwatin gawa da shirya jana'iza, ya buga ɗan littafi yana ba da labarin yadda ya bar burodi da sukari da dankali da giya, ya rage fiye da kilo 20. A 1921 likitocin Amurka suka fara amfani da tsari mai tsanani irin wannan, amma ba don ƙiba ba, domin yara masu farfaɗiya ne, a ƙarƙashin idon likita. A 1972 kuma wani likitan New York, Robert Atkins, ya fitar da littafinsa, abin ya bazu a duniya. Ya kan lafa, ya sake tasowa da sabon suna. Wannan karon ya iso har gidana a Wurno.

Na fara ranar 2 ga Janairu, 2023, cikin sanyin hunturu. Da safe ƙwai uku da man shanu da shayi ba sukari. Da rana balangu ko tsire, in ce wa mai nama ya rage ƙuli. Da dare kifi ko kaza da kabeji da zogale. Cikin kwana 10 na koma wajen sikelin abokina, allura ta tsaya a 95. Kilo 4 cikin kwana 10! Na dawo gida ina tafiya kamar wanda aka yi wa naɗi. Sai daga baya ɗiyata, wadda ke karatun aikin jinya a Sakkwato, ta warware mini abin da ya faru. Jiki ya kan ajiye sukari a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, kowane giram kuwa yana riƙe da ruwa kamar giram 3. In mutum ya daina cin sitaci, wannan ajiya ce ke fara ƙarewa, ruwan da ke tare da ita ya fita ta fitsari. Ashe yawancin abin da na yi murnar zubarwa a kwanakin farko ruwa ne. Kitse ya bi baya, amma a hankali.

Makonnin farko sun yi wuya. Ciwon kai, kasala, da wani irin fushi marar dalili wanda yara suka gane, su kan watse in sun ji ƙarar babur. Bayan gida ya yi tauri, na kan yi kwana uku ban zaga ba. Cikin dare tsokar ƙafa ta ɗaure in farka ina salati irin na mai ciwo. Bakina ya ɗauki wani wari, uwargida ta ce kamar na ruɓaɓɓen mangwaro, asuwaki bai kawar da shi ba. Ɗana ya ce alama ce mai kyau, jiki ya shiga ƙona kitse, abin da ke fitowa daga ƙonawar shi ke fita ta numfashi. Gaskiya ya faɗa a kan wannan. Wata rana ma ya bugo waya ya ce in rage albasa, ita ma tana da ɗan sukari. Mutumin Wurno, a tsakiyar kakar albasa da tafarnuwa, a ce masa ya yi awon albasa!

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwarya da akushi.

Mai karatu, in ka taɓa aiki a ƙauye ka san abin da na ke nufi. Malamin gona ba da takarda ya ke samun shiga wurin manomi ba. In ka je gona da rana tsaka, ya kan kai ka inuwa, a kawo fura a dama, ya miƙo maka ludayi. In gida ne, a shimfiɗa tabarma a zaure, a kawo tuwo ko hoce, ku sa hannu a kwano ɗaya. A nan a ke maganar gaskiya: wane ne ya sayar da takin da aka ba shi, wane ne ke satar ruwa da dare, me ya sa ba su yarda da sabon iri ba. Yanzu ga ni ina cewa, "Na ƙoshi," ko kuwa, "Likita ya hana ni," wanda ƙarya ce, gama babu likitan da ya san abin da na ke yi. Wani dattijo a wani ƙauye kusa da Goronyo, mutumin da na sha furar gidansa fiye da shekara 15, ya dube ni ya ce, "Malam, ko an kawo maka wata magana a kanmu?" Na rantse masa babu. Ya ce to. Amma ya mai da ludayin cikin ƙwarya a hankali, hirarmu ta ran nan kuwa ba ta yi nisa ba. Ni baƙo ne a ƙasar nan, aiki ya kawo ni, cin abinci tare shi ne ya mai da ni ɗan gida. Ban lissafa da wannan ba sa'ad da na ke ƙirga giram.

A gida kuma wani lissafin ne. Gero da dawa da shinkafa suna cikin rumbu da ɗakin ajiya, ba sai an fitar da ko kwabo ba. Nama da ƙwai kuwa sai da kuɗi a hannu, kowace rana. Kuma ku tuna, watan Fabrairu da Maris na 2023 lokacin canjin kuɗi ne, takardar naira ta yi wuyar gani, mutane suna kwana a layi. Mai nama a ƙauye bai san tura kuɗi ta waya ba. Ɗan abin da na samo, wanda ya kamata ya shiga cefanen gida duka, rabinsa ya tafi a kwanona ni kaɗai. Ban lura ba, domin ni kaɗai na ke ci, a ɗaki, kafin a sauke tuwo. Wani dare na fito neman ruwa na tarar da yara a kan kwano, na leƙa, miyar kuka ce lami, ko ƙashi babu. Kajin uwargida, waɗanda ta ke kiwo domin kuɗin makarantar auta, daga 14 sun koma 5. Ba ta taɓa ce mini kome ba. Autar, mai shekara 7, ta kan zo ta tsaya bakin ƙofa da safe in ina cin ƙwai, ba ta roƙo, kallo kawai. Na kan yanka mata ɗan gefe. Ban taɓa tambayar kaina ina sauran suka samu nasu ba.

Amma kada in ɓoye amfanin da na gani, domin akwai shi. Yunwa ta ragu ƙwarai. Dā na kan ji cikina yana kira da hantsi, yanzu sai in kai azahar ban tuna da abinci ba. Gyangyaɗin bayan cin rana ya tafi. Uwargida ta ce na daina minshari. Gwiwoyi suka yi sauƙi, na tsuguna na tashi ba dafa kowa. Tela ya rage mini wanduna biyu. Farkon Afrilu sikeli ya nuna 86. Duk wanda ya ce tsarin nan ba ya rage ƙiba bai gwada ba.

Cikin Afrilu ne, zafin bazara ya kai inda ya kan kai a ƙasar Sakkwato, ya wuce 40 a ma'auni, na je duba gonakin rani a ƙasan dam na Goronyo. Na tsuguna bakin magudanar ruwa ina nuna wa wasu samari tsutsar da ke cin ganye. Na miƙe da sauri, sai duniya ta yi baƙi. Na farka a kwance, kaina a cinyar wani, rigata jiƙe da ruwan da suka yayyafa mini. Tazarar da ke tsakanina da ruwan ba ta kai taku biyu ba. Suka kawo fura, na shanye ƙwarya guda ban yi musu ba. Da na dawo gida na ce wa uwargida santsi ne ya kwashe ni. Washegari na koma ga ƙwai da nama, ban je asibiti ba.

Kafin wannan da 'yan kwanaki, ranar Ista, yayata ta zo mana. Ita ce ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Tana zaune a Rabah wurin ɗanta, malamin makaranta. Shekarunta 66 a lokacin, ta yi shekara 8 tana fama da ciwon sukari, tana shan ƙwayar da a ke kira glibenclamide kowace safiya. Ita ma mai jiki ce. Da ta gan ni ta riƙe baki ta ce, "Auta, mi ka samu haka? Ka koma saurayi." Ni kuwa abin nema ya samu. Na zaunar da ita na yi mata lacca irin wadda ɗana ya yi mini, har na ƙara gishiri. Na ce, "Yaya, ke ma ai ciwonki na sukari ne. Tuwon nan da kunun nan da ki ke sha, sukari ne tsantsa. Ki bar su ki ga ikon Allah." Ta ce, "To, kai ne mai ilmi." Ban tambaye ta wane magani ta ke sha ba. Ko da na tambaya ma, da ban san abin da zan yi da amsar ba.

Wata safiya cikin Mayu matar ɗanta ta bugo mini waya tana kuka. Ta ce, "Kawu, ka zo, Inna ba ta san inda ta ke ba." Wai tun da asuba ta ke zufa kamar an watsa mata ruwa, hannuwanta suna rawa, tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa, ta zagi jikarta abin da ba ta taɓa yi ba, sa'an nan ta yi shiru. Maƙwabta sun taru, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa shanyewar ɓarin jiki. Na ce su kai ta asibiti yanzu yanzu. Ban san yadda na yi tafiyar nan daga Wurno zuwa Rabah ba.

Na iske ta kwance, ido a rufe, jiki sanyi ƙalau. Malamar asibiti ta tsaga mata yatsa ta ɗiga jini a ɗan na'ura, ya nuna 2.1. Ta ce a wannan ma'auni duk abin da ya gaza 3.9 ya yi ƙasa. Aka ɗura mata ruwan sukari ta jijiya. 'Yan'uwa, ban taɓa ganin abu kamar wannan ba. Kafin minti 10 ta buɗe ido, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta shafa kanta ta ce wa ya ɗauke mata ɗankwali.

Likitan yaro ne, bai fi sa'an ɗana ba. Ya tambayi abin da ta ci jiya. Matar ɗanta ta ce dafaffen ƙwai biyu da rana, da dare ganye da ɗan kifi, ta kusa wata guda ba ta taɓa tuwo ko kunu ba, amma ba ta fasa shan magani ba ko kwana ɗaya. Ya ce wa ya ba ta wannan shawara? Ɗakin ya yi tsit. Yaya ta juya fuska bango, ba ta so ta tona ni. Na ce, "Ni ne."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ja ni waje ya ce, "Baba, maganarka ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, shi ya sa ta ke da haɗari. Barin sitaci yana sauke sukarin jini sosai. Amma ƙwayar da ta ke sha aikinta ta matsa wa jiki ya fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. An auna mata ita daidai da tuwon da ta saba ci. Ka cire tuwon ka bar ƙwayar, kamar ka janye kaya daga gefe ɗaya na jaki ne." Ya ce ƙwaƙwalwa da sukari ta ke aiki, in ya yanke mata na dogon lokaci mutum ya kan mutu, ko ya tashi ba daidai ba. Da cikin barci abin ya same ta ba wanda ya lura, da sai dai a wayi gari. Ya riƙe ta kwana biyu, domin wannan ƙwaya ta kan daɗe a jiki, sukarin ya kan sake faɗuwa bayan an ɗaga shi. Ya kuma sake mata magani, ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta son a ba wanda ya haura shekara 60 glibenclamide saboda wannan dalili.

Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Kai fa, Baba, kana shan wani magani?" Na faɗa masa, har da faɗuwar da na yi a Goronyo, wadda ko matata ba ta sani ba. Ya auna jinina a zaune, ya ce in miƙe, ya sake aunawa, ya girgiza kai. Ya ce in mutum ya bar sitaci ƙoda ta kan saki gishiri da ruwa fiye da dā. Ga shi na rage kilo 13, wanda shi kansa ya sauke hawan jinin. Ga ƙwayar sa fitsari ina sha kamar yadda aka rubuta mini ina kilo 99. Ga zafin Afrilu. Abu huɗu suna jan jini ƙasa a lokaci ɗaya. Ya ce in koma wurin likitan da ke duba ni a gyara maganin, in kuma yi gwajin jini. Na yi a Sakkwato. Sukarina lafiya, ƙoda lafiya, amma kolestarol, irin wanda ke toshe hanyoyin jini, ya hau fiye da yadda ya ke a gwajin baya. Man shanu da kitsen balangu na wata biyar ba su tafi a banza ba. Aka cire mini ƙwaya ɗaya, aka bar ɗaya.

Abin da na koya a ranar zan faɗa a sarari, ko zai kai ga wani gida. Mai shan maganin ciwon sukari, ƙwaya ko allurar insulin, da mai shan maganin hawan jini, kada ya yanke sitaci sai ya zauna da mai duba shi an daidaita maganin. Mace mai ciki ko mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, da yara masu girma, ba nasu ba ne. In kuwa mai ciwon sukari ya fara zufa da rawar jiki da ruɗewa, yana iya haɗiya, a jiƙa sukari cokalin shayi 3 ko 4 a ruwa, ko zuma, a ba shi nan take, a bi da abinci, a kai shi asibiti. In ya riga ya suma kada a ɗura masa kome a baki, zai shaƙe, a ɗauke shi kawai a yi sauri.

Da ɗiyata ta zo hutu na ce ta nemo mini abin da masana suka gano, ba abin da yayanta ya ji ba. Ta kawo biyu da suka tsaya mini a rai, dukansu an buga su a 2018. A Jami'ar Stanford ta Amurka an raba mutum 609 kashi biyu, wasu suka rage sitaci, wasu suka rage maiƙo, dukansu aka ce su bar sukari da farin gari su yawaita ganye. Bayan shekara guda masu rage sitaci sun zubar da wajen kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5 da ɗan ɗori. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Na biyun kuma an bi mutum fiye da 15,000 har wajen shekara 25. Waɗanda suka fi tsawon rai su ne masu samun kamar rabin ƙarfin abincinsu daga sitaci. Masu ci ƙasa da kashi 40 cikin 100 mutuwa ta fi yawa a cikinsu, musamman in da nama da kitsen dabba suka maye gurbin, amma ba haka ba ga waɗanda suka maye da wake da gyaɗa da ganye. Masu wuce kashi 70 su ma abin bai yi musu kyau ba. Ta ce irin wannan bincike yana nuna abin da ke tafiya tare ne, ba ya tabbatar da wane ne ya jawo wane. Duk da haka wannan na ƙarshe ya sa na yi shiru, gama in ka dubi kwanon yawancinmu, dutsen tuwo ne da ɗan tafkin miya a gefe. Ɗana bai yi kuskure duka ba.

Na yi ta tunanin mahaifinmu. Tuwon dawa da fura ya ci har ya mutu yana da shekara 80 da wani abu, jikinsa kamar sanda. Amma dawarsa a turmi a ke surfa ta sama sama, ba injin da ke goge ƙwaya har ta yi fari fat. Furarsa ba sukari. Kuma daga asuba zuwa azahar yana duƙe da fartanya. Ni fa? Na zauna na rubuta abin da na ke ci kafin Janairun nan, ban ɓoye wa takarda kome ba. Da safe wurin mai shayi: babban kofi, sukari cokali 4, madarar gwangwani mai zaƙi, rabin burodi. Da hantsi waina ko ƙosai da koko mai sukari. Da rana shinkafa fara cike da faranti, da kwalbar lemo, wani lokaci biyu in manoma sun saya mini, kowace kwalba kuwa tana ɗauke da sukari wajen cokali 8 ko 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 ya fi kyau babba kada ya wuce kamar cokali 6 a yini duka. Da dare malmala biyu, in kwanta a kai. Tsakanin waɗannan duka kuwa, babur. Da na dubi takardar sai na ga tuwon uwargida, wanda na ɗora wa laifi duka, shi ne mafi ƙanƙantar mai laifi a cikinsu.

Ranar da na koma cin tuwo ban yi sanarwa ba. Na fito tsakar gida na zauna kan tabarma na ce a zubo mini. Uwargida ta dube ni, ta ɗauko kwano, ba ta ce uffan ba, sai da ta juya na ga kafaɗunta suna motsi. Cikin mako ɗaya kilo 3 suka dawo, ruwan nan ne ya koma mazauninsa. Na tsorata, amma ɗiyata ta riga ta gargaɗe ni. Ya hau har 91, sa'an nan ya sauko a hankali.

Yanzu malmala ɗaya na ke ci, ta dawa ko gero, na roƙa a rage surfe. Miya ta fi tuwon yawa, kuɓewa ko zogale ko yakuwa. Shinkafa ba ta zuwa sai da wake, waken ya fi yawa. Kwaɗon rama da ƙuli ya zama abincin rana sau da yawa. Kifin Goronyo in an samu, a tukunyar kowa, ba a kwanona ni kaɗai ba. Lemon kwalba na bar shi, shayi ba sukari, wannan kam ribar wata biyar ɗin ce, gama harshena ya riga ya saba. Fura ina sha, rabin abin da na saba, in an tashi zuba sukari in ce a ɗebar mini tukuna. In gonar ba ta wuce tafiyar rabin sa'a ba na kan bar babur a gindin bishiya. Ɗana har yanzu yana kan nasa tsarin a Kaduna, ya kan saki ya kama, mu kan yi gardama a waya. Na dai sa shi ya yi gwajin jini, kuma na hana shi yi wa kowa lacca a gidana. Kajin uwargida na biya su da kaɗan kaɗan, daga kasuwar Achida.

Na koma wurin dattijon nan na kusa da Goronyo, na ba shi labarin duka. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi tun farko ya san ba likita ba ne, domin likita ba ya hana mutum fura ya bar shi da tsire. Ya sa aka dama.

Yaya kuwa tana nan a Rabah. Tana cin tuwonta daidai awon da aka nuna mata a asibiti, sau uku a yini ba ta tsallake ko ɗaya, kuma kullum akwai ƙwayar sukari 4 ƙulle a bakin zanenta. Ba ta taɓa tayar mini da maganar da kanta ba. Sai dai in na kai mata ziyara aka kawo abinci, ta kan tura mini kwanon ta ce wa jikokinta, "Ku ba likita wuri ya zauna." Da kakar bana na bi ta wurin abokina mai sikeli, yaran suka taru su ga ko buhu ya cika. Allura ta tsaya a 88.